Kalla Maɗinki da Keken Rabe

A kasuwar Madawa, gabas da masu goro, akwai wata doguwar rumfa ta karan dawa inda maɗinka suke zama. Su bakwai ne, babbansu kuwa Kalla. Ya haura hamsin, siriri, da ƙatuwar murya wadda ba ta yi kama da jikinsa ba. A hannun ubansa ya koyi allura, uban kuma a hannun nasa uban. Abin da ya fi yin suna a kai shi ne yanka. Sau ɗaya zai dubi mutum daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya sa almakashi, in an gama rigar ta zauna kamar a jikin mai ita aka saƙa ta. Har daga Buza da Keita ake aiko masa da ƙyalle.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Idanunsa sun fara dushewa. Sa zare a allura, wanda da yake yi yana cikin hira, yanzu sai ya juya wa mutane baya, ya ɗaga allurar wajen haske, ya yi ta lalube yana tarin ƙarya don kada a lura.

Da kakar shekarar 1937 wani mutum ya sauka daga kamyon Ƙwanni, babbar motar kaya, da akwatin katako a ka. Sunansa Rabe, mutumin Tama ne, ya yi shekara goma sha biyu a aikin soja. A can bakin teku wani kaya mai nauyi ya faɗo masa a hannun dama, yatsu uku suka sandare, aka sallame shi. Abin da ke cikin akwatin keken ɗinki ne, baƙin ƙarfe mai zanen ruwan zinariya, da ƴar ƙafa a gefe wadda ake juyawa da hannu. Ya kafa ƙaramar rumfa daura da ta maɗinka, hanya ce kawai tsakaninsu. Da tafin hannun da ya lalace yake juya ƙafar, da na hagu yake tura ƙyalle.

Ranar kasuwar farko ba a yi wani ciniki a layin ba, kowa yana kallon keke. Mutum ya ba da ƙyalle ya ɓare goro, kafin ya gama tauna an miƙo masa wando. Kalla ya leƙa sau ɗaya ya dawo yana dariya, don ya ga wandon ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Rabe ya iya keke, amma bai iya yanka ba.

Dariyar ba ta daɗe ba. Manomin da ya shigo kasuwa da safe so yake ya koma ƙauye da taguwarsa a ranar, ba a ce masa ya dawo bayan kasuwa biyu ba. Taguwa, wando, rigunan yara, duk suka tsallake hanya. Kafin shekara ta zagayo, huɗu daga cikin maɗinkan sun naɗe tabarminsu, wasu gona, wasu ci-rani.

Cikin huɗun nan, Iro ne ya fi daɗewa kusa da Kalla, shekara ashirin suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Wata rana ya matso ya ce da shi ƙasa-ƙasa, "Kalla, ni dai ina ganin in tsallaka wajen sojan ga, in roƙe shi shi koya min. Ina da iyali."

Kalla bai amsa ƙasa-ƙasa ba. Ya ɗaga murya yadda har masu goro suka ji. "Kai Iro, ɗan maɗinki, jikan maɗinki, ka tahi ka durƙusa ma ƙarhe? To tahi. Amma ka bar allurar ubanka nan, kada ta ga abin kunya."

Aka yi dariya. Iro bai tsallaka ba. Kasuwa ta gaba bai zo ba, aka ce ya koma noma a ƙauyensu da ke bakin fadama.

Daga nan Kalla ya mai da zagin keke sana'arsa ta biyu. Duk wanda ya tsaya a rumfarsa sai ya ji. "Ɗinkin keke wanki ukku na, shi warware," in ji shi. "Abin da bai san bisimilla ba, ina albarka ga aikinai?" Wasu suka yarda, musamman dattawa da makiyaya, masu son tufar da za ta jure ƙaya.

Cikin waɗanda suka yarda akwai Hama, wani Bafillace mai shanu daga wajen Azarori. Ana saura kwana shida babbar Salla ya zo da fari na saƙar hannu a bayan jaki, yana son riga tasa da taguwoyi biyar na ƴaƴansa.

"An ce min in kai ma mai keke, yini guda shi gama," in ji Hama. "Na ce a'a. Na ji maganarka, kuma ban taɓa jin anka kama ka da ƙarya ba. Hannunka nika so."

Kalla ya karɓa. Da a da ne, da ya raba wa Iro da sauran, su gama cikin kwana uku. Yanzu mutum biyun da suka rage a rumfar kowa da nasa aikin Salla. Ya auna ya yanka duka a yini ɗaya, wannan ba wuya. Ɗinkin ne ya gagara. Saƙar hannu siri-siri take zuwa, faɗin tafin hannu, sai an haɗa ɗaya da ɗaya kafin a kai ga riga. Kwana uku yana kai, idanu suna zubar da ruwa, taguwa ɗaya da rabi ya gama.

Rana ta huɗu ba ranar kasuwa ba ce. Bayan azahar, lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa, ya zuba ƙyallen a buhu, ya toshe bakin da harawa, ya bi ta bayan gari zuwa gidan da Rabe ya sauka. Ranar da ba kasuwa a zaure Rabe yake aiki. Sau biyu Kalla ya wuce ƙofar kafin ya iya yin sallama.

Rabe ya miƙe ya shimfiɗa masa tabarma. "Baba Kalla, lahiya dai?"

Kalla ya kwance buhun. Rabe ya dubi ƙyallen, ya dubi idanun dattijon da suka yi jajir, ya gane.

"Haɗin ciki kawai," Kalla ya ce, yana kallon ƙasa. "Ni in naɗe baki in bi da kalmasa bisa, in ruhe shi da hannu. Ba wanda za ya gani. Ka hwaɗi abin da kaka so."

"Ba ni son komi sai abu guda. Ka nuna min yadda ake yankan wando. Na gaji da ganin mutane suna hita rumhwata ƙahwa guda na jan ƙasa."

"Kada kowa shi ji."

"A soja ba su koya muna abu da yawa ba, Baba, amma sun koya muna kame baki."

Kafin rana ta yi sanyi an haɗa komai. Kalla ya zauna yana kallon allurar tana hawa tana sauka, aikin kwana goma yana wucewa ta ƙarƙashinta. Ya so ya sami aibi a layin ɗinkin. Ya shafa da yatsa daga farko har ƙarshe, bai samu ba. Ya koma gida ya naɗe kowane haɗi ya bi shi da kalmasa, irin ɗinkin da idonsa yake iyawa har yanzu. Hama ya karɓi kayansa jajibirin Salla yana ta sa albarka.

Kalla ya ce wa kansa sau ɗaya ne, ba ƙari. Bayan Salla aka kawo wani aikin, sannan wani. Ya zama duk ranar da ba kasuwa, in an yi azahar, sai ya saɓa buhu ya bi bayan gari. Shi kuma Rabe hannunsa ya fara faɗawa a yanka. Kalla yana kama masa hannun hagu yana nuna masa inda ake barin wurin zama a wando, da yadda ake sa hamata don kada riga ta ɗaure mutum. A zauren nan hira suke kamar uba da ɗa. Rabe yana ba shi labarin jirgin ruwa da garuruwan da mutane ba su san fura ba, Kalla yana dariya har da hawaye.

Ran kasuwa kuwa sai Kalla ya zauna a rumfarsa ya ci gaba da zagi. Yana ganin in ya yi shiru kwatsam za a tambayi dalili. Rabe yana jin komai daga ƙetaren hanya, bai taɓa ɗaga kai ba. In Kalla ya koma gida a irin wannan ranar, loma biyu yake yi ya ture akushi.

Matarsa Balki ita ke kaɗa masa zaren ɗinki tun aurensu. Wata safiya tana shara ta tsaya gaban tukunyar da take ajiye zaren.

"Malam, aiki na ƙaruwa, zarena ba shi raguwa."

"Na koyi tattali."

Ta ɗauki wata taguwa da ya bari a bakin gado, ta ɗaga haɗin da bai riga ya rufe ba, ta duba. Ta mayar ta ajiye yadda ta same ta. "Wanga zare ba ni na kaɗa shi ba," ta ce. Ba ta ƙara komai ba, ranar ko bayanta. Ta dai ci gaba da kaɗi. Da tukunyar ta cika ta ɗauko wata.

Kusan shekara biyu ana haka. Wata ranar kasuwa bayan kaka, gardama ta tashi a bakin rumfar Rabe. Wani da ya taɓa zama Kano yana cewa nan gaba kaɗan ba sauran mai riƙe allura da hannu. Hama yana wucewa ya ji. Rigar da Kalla ya yi masa ce a jikinsa, ta sha daji, ta yi ja da ƙasa. Nan tsakiyar hanya ya tuɓe ta ya juya cikinta waje.

"Ku zo ku gani. Shekara biyu ina bin shanu da ita cikin ƙaya. Na bisa ya cinye, to ku dibi abin da ke ƙasa."

Gaskiya ya faɗa. Kalmasar da Kalla ya yi da hannunsa ta zaizaye ta buɗe a wurare da yawa. A ƙarƙashinta layin ɗinki na nan, ƙanana, daidai wa daida kamar jerin tururuwa, ko ɗaya bai tsinke ba.

"Wanga shi na hannu," in ji Hama. Ya kai rigar har gaban Rabe ya shimfiɗa ta a kan keken. "Kai mai ƙarhe, duba da kyau. Abin naka ya iya haka?"

Rabe ya ɗauki rigar ya duba aikin kekensa. Kalla, daga kan tabarmarsa, ya zuba masa ido. Kalma ɗaya daga bakin Rabe ta isa ta tona asirin. Rabe ya ninke rigar ya miƙa wa Hama da hannu biyu.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Wanda ya yanka ta gwani na."

Aka kwashe da dariya, aka ce soja ya sallama. Mutane suka tsallako suna yi wa Kalla barka, wani ya jefa masa goro a cinya. Ya buɗe baki zai yi magana. Abin da ya fito shi ne, "Madalla, madalla."

A bayan taron akwai mutum ɗaya da bai yi dariya ba. Iro ne, ya kawo albasa kasuwa. Ya karɓi rigar daga hannun Hama, ya juya haɗin ya dubi bayansa, ya ɗan ja zaren da farce. Tsohon maɗinki ba ya ɓatan ɗinkin hannu. Ya mayar da rigar, ya dubi Kalla, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗauki kwandonsa ya wuce. Kalla ya ga hannun da ya sani da laushi ya yi kanta, dugadugan sun tsage da faso.

Kwana tara Kalla bai je zauren Rabe ba. Ranar da ya je, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Don mi ba ka hwaɗa ba?"

"Kai ka ce kada kowa shi ji."

"Sun yi maka dariya."

"Dariya ba ta hana keke juyawa. Shigo, Baba, akwai wata riga da hamatarta ta gagare ni."

Da zaginsa Rabe ya yi, da Kalla ya fi samun sauƙi. Ya shiga ya gyara hamatar.

Labarin rigar Hama ya bazu har rugagen Keita. Makiyayan da suke kai wa Rabe aiki suka dawo wurin Kalla, shi kuma ya zuba a buhu ya kai wa Rabe. Ya daina zagin keke, don ba ya bukata. Wasu ke yi masa, da kalmomin da ya koya musu, yana zaune yana ji.

A lokacin yaƙin Nasara ya yi tsanani. Faransa da Ingila suka ɓata, aka rufe hanyar Sakkwato da Kano, aka baza gardi, dakarun Faransa, a kan iyaka. Kamyo ya yi wuya don babu mai, kantuna suka bushe. Zaren keke Rabe yana da ajiya, allura ce abin tsoro. Ƙunshi ɗaya ya zo da shi daga bakin teku, kuma suna ta karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta karye da bazarar 1941, a kan wani haɗi mai kauri ninki huɗu na aikin da Kalla ya kawo. Yana zaune a wurin ya ji ƙas, keken ya tsaya.

Rabe ya cire guntayen biyu ya kai wa maƙerin gari. Sau uku maƙerin ya gwada. Allurar keke a baki hujinta yake ba a gindi ba, kuma duk wadda ya ƙera sai ta ƙi ɗauko zaren ƙasa. Rabe ya rufe keken da tsumma. Da yatsunsa ba ya iya riƙe allurar hannu. Da damina ta matso ya ɗora akwatin a jaki ya koma Tama.

A kasuwa aka ce maganar Kalla ta tabbata, ƙarfe ya mutu hannu yana nan. Aiki ya taru a gabansa fiye da duk abin da ya taɓa gani. Ya zauna ya yi iya ƙoƙarinsa. Taguwar babban ɗan Hama ce farkon wadda ya ɗinka shi kaɗai. Haɗin ya karkace, ɗinkin manya-manya kamar na bakin buhu, kafin mako uku ta ɓarke a kafaɗa.

Hama ya zo da ita ran kasuwa. Rumfar cike take da masu jiran aikinsu, don haka ya durƙusa dab da Kalla ya yi ƙasa da murya, kada ya ba shi kunya.

"Kalla, ko jiki na? Wanga bai yi kama da hannunka ba."

Kalla ya ajiye allura. Da Hama ya zo da faɗa, da wataƙila ya sami abin faɗa.

"Wanga shi na hannuna," ya ce. Muryar da ta saba cika kasuwa ta fito ƴar ƙarama, sai da ya maimaita yadda kowa zai ji. "Wanga shi na hannuna, Hama. Wanda ka nuna ma mutane ranar, na keken Rabe na. Tun rigarka ta hwarko. Idona ya soma tahiya tun kahin shi zo garin ga. Ina kai mishi aiki a ɓoye, ina zagin shi a hili."

Wata tsohuwa ta miƙa hannu ta zare ƙyallenta daga tarin, ta tashi. Hama ya daɗe a durƙushe yana juya taguwar.

"Ashe ni ka sa na shimhiɗa ma mutum aikinai bisa kekenai, ina mishi gori." Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Ni ban san ɗinki ba, Kalla. Maganarka na saya."

Bayan kwana biyu labari ya zo cewa Hama ya tafi Tama da ƙafa, da ƙwaryar man shanu a hannu, ya nemi gafarar Rabe. Wanda aka yaudara ya riga mai yaudarar zuwa.

Kalla ya yi mako guda bai fita ba, ko masallaci sai ya tabbata an tayar da salla sannan ya shiga sahun baya. Ranar ta takwas Balki ta kawo masa kunu ta tsaya a kansa.

"Malam, kwanciya ba ta wanke wanga. Ko Tama ko wani wuri, amma tashi."

Wurin Iro ya fara zuwa. Ya same shi a gona yana noman farko. Ya tsaya a bakin gonar ya faɗi abin da ya kawo shi, tun daga ranar da ya yi masa tsawa a gaban masu goro.

"Na sani tun ranar da na duba rigar," in ji Iro.

"Da na bar ka ka tsallaka..."

"Da yanzu ina da sana'a biyu. Ba komi." Ya nuna masa gorar ruwa a gindin itace. "Sha ruwa, ka sha hanya. Rana na tahiya, Kalla, ina da aiki."

Ya ce ba komai, amma bai ajiye hauyar ba, kuma bai raka shi ba.

Daga nan Kalla ya je wurin maƙeri ya karɓi guntayen allurar. Ya bi wasu fatake masu jakuna da suka san hanyoyin shanu, suka yi kudu ta wajen Bangi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a zaune, a kwana na uku ƙafafunsa suka kumbura. Sau ɗaya suka kwanta cikin gonar gero tun hantsi har la'asar, raƙuman gardi suna kai da kawowa a kan hanya. Kwana tara suka yi kafin su shiga Sakkwato.

A kasuwar Sakkwato ya tambayi layin maɗinka aka nuna masa. Tun daga nesa ya ji ƙarar. Kekuna ne jere, sun fi goma, wasu ma da ƙafa ake taka su, kuma ba mai tsayawa kallo. Mutane suna wucewa ta gabansu kamar yadda ake wuce masu sai da gishiri. Ya tsaya a nan ya tuna shekarun da ya yi yana ihu a kan guda ɗaya.

Ya nuna guntayen wa wani mai kayan ƙoli. Mutumin ya ce irinta ta yi wuya, amma ya tono guda biyar. Kalla bai iya ganinsu sosai ba, da yatsa ya gwada, ya ji gefe ɗaya na gindin a baje kamar na wadda ta karye. Ya bar wa mutumin babbar rigarsa ta Salla, wadda ya yi wa aiki da hannunsa lokacin da idonsa yake da kyau. Ya jera alluran cikin bakin hularsa ya ɗinke.

Da ya dawo bai tsaya Madawa ba, Tama ya zarce. Aka nuna masa gonar gidan su Rabe. Gero ya kai ƙugu. Rabe yana ciki yana maimai, ya ɗaure ƙotar hauyar a hannunsa na dama da tsumma don kada ta suɓuce. Kalla ya isa gabansa ya zauna a ƙasa dirshan.

"Baba, tashi, mutane na gani."

"Su gani."

Ya cire hular ya farke bakinta da haƙori, ya zube alluran a tafin hannun Rabe. Rabe ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dubi ƙafafun dattijon.

"Sakkwato?"

"Sakkwato."

Suka je gida aka fito da akwatin daga ɗakin uwar Rabe. A gindin wani gawo suka ajiye keken. Rabe ya share shi, ya ɗiga masa man gyaɗa, ya ɗaura allura, ya sa wani tsumma ya juya. Karo na farko zare ya tsinke. Karo na biyu layi ya fito. Matan gidan suka leƙo da jin ƙarar.

"Hama ya gaya min abin da ka hwaɗa a kasuwa," in ji Rabe, bai daina juyawa ba.

"Na makara."

"Ka makara," Rabe ya ce. Ya yanke zaren ya miƙa masa tsumman ya shafa. "Sai an yanke hatsi nika dawowa. Ka kwana biyu nan, ƙahwar ga ba ta kai ka Madawa."

Bayan kaka Rabe ya dawo da akwatinsa. Ran kasuwar farko, da hantsi, lokacin da layin ya cika, Kalla ya naɗe tabarmarsa ya tsallaka hanya ya shimfiɗa ta a rumfar Rabe. Shi ke yanka, Rabe ke ɗinki. Balki ta zaɓo mafi siririn zaren da ta tara, aka gwada a keken, wani ya yi wani ya ƙi. Doguwar rumfar maɗinka kuwa, kafin shekara masu gishiri suka gaje ta.

Mutanen kasuwa suka laƙa masa suna, Kalla Kalmasa. Da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Yana amsawa. Hama ya ci gaba da kawo ɗinkinsa, amma a hannun Rabe yake sa ƙyallen, su gaisa da Kalla gaisuwar da ba ta wuce lafiyar shanu ba.

Da yaƙi ya ƙare aka buɗe hanya, kekuna uku suka ƙaru a Madawa. Biyu daga cikin tsoffin maɗinkan suka dawo suka koya a wurin Rabe. Sau biyu Kalla ya aika wa Iro cewa akwai wuri. Sau biyu amsar ta dawo iri ɗaya: a gaishe shi, hannun ya riga ya saba da hauya.

Kalla ya ƙara shekara shida a rumfar, yana yanka da shafar hannu har idon ya rufe gaba ɗaya. A duk shekarun nan ba a sake jin muryarsa daga wajen masu goro ba. In gardama ta tashi a kasuwa aka juyo wurinsa a matsayin dattijo, ko kan ɗinki ko kan ruwan bana, sai ya ce su tambayi wani, ya ci gaba da abin da yake yi.